Yadda Za Ka Kare Ƙaramar Gadar Rafi Daga Ambaliya

Yawanci ba saman gada ruwa ke fara ci ba. Ƙasar da ke riƙe da gindinta yake zaizayewa a hankali, sai wata rana a wayi gari ta karkace.

1. Tun kafin ruwa ya kankama, bi rafin ta inda ruwan ke gangarowa, ka kwashe rassa, kututture da shara. Reshe ɗaya ya maƙale a ƙarƙashin gada, sauran tarkace sai su taru a kansa su toshe hanya.

2. Duba alamar ambaliyar bara: busasshiyar ciyawa da ta rataye a jikin bishiyoyi. In ta kai tsayin katakon gadar, ɗaga shi.

3. Nan ne babban aikin. Tsuguna ka leƙa gindin gadar, ka zura sanda. In ta shige cikin rami, ruwa ya fara ɓarna. Shimfiɗa tsakuwa tukuna, sannan ka jera manyan duwatsu masu kusurwa a kai, domin masu santsi mirginawa suke yi. In ƙanana kawai gare ka, cika su a ragar waya ka ɗaure. Kada dai ka ƙuntata wa ruwan hanya, gudunsa zai ƙaru.

4. Ɗaure gadar katako da sarƙa a ginshiƙin kankare, don ko ruwa ya ɗaga ta ba zai tafi da ita ba.

5. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi, sake dubawa, amma sai ya janye. Ruwa mai gudu da zurfin santimita 15 kacal yana iya ka da babban mutum.