Kafin ka biya a zuba maka manhaja a Circle

Ɗan'uwa, idan ka sauka Akra, ko a Nima ko Mamobi ko Madina, abin da zai fara karya maka aljihu kuɗin haya ne. Masu gida kan nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 ta ce kada a wuce na wata shida. Ga katin zama na baƙi, wanda ake nema wajen mazauna ƙasar in za a yi rajistar layin waya. In ka fita daga wannan, 'yan sidin da suka rage ba na sayen lasisin manhaja ba ne.

Yawancinmu a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah da ke Akra, muke sayen kwamfuta ta hannu, wajen Tip Toe Lane. Mai shago zai ce ka ƙara wani abu ya zuba maka komai da komai. Sau da yawa abin da ake zubawa na sata ne, an fasa makullinsa, kuma ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Ga wani abin lura: Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irinsu ne suka fi araha a kasuwa.

Shawarata ita ce Linux Mint, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Kyauta ce, kuma a buɗe take, wato duk mai ilimin abin zai iya duba yadda aka rubuta ta. Ka sa a ɗora maka ita a filas, ka tayar da kwamfutar daga filas ɗin tun kana tsaye a shagon. Ba za ta taɓa abin da ke ciki ba. Ka gwada wayifai, ka gwada sauti da kyamara, ka zare caja ka ga ko batir na riƙe wuta. In komai ya yi, sai ka biya. Samfurinta mai suna Xfce yana tafiya lafiya lau a kwamfuta mai ƙwaƙwalwar giga 4. Abin da ya fi burge ni, a jerin harsunan madannai akwai Hausa ta Gana da Hausa ta Najeriya, don haka ɓ da ɗ da ƙ ba sai ka yi ta kwafowa daga wani wuri ba.

Ko ba ka bar Windows ba, ka sauke LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi ta kyauta. An fara ta a 2010, wata gidauniya a Jamus ce ke kula da ita. Takardar neman aiki, lissafin bashin shago, wasiƙar makarantar yara, duk tana yi ba tare da intanet ba. Abu ɗaya ka riƙe: in za ka kai takarda wurin masu buga takardu, ka mayar da ita PDF tukuna, maɓallin na nan a sama. In ba haka ba, layuka kan goce idan aka buɗe ta a Word. Ka kuma rage tazarar ajiya ta atomatik zuwa minti uku ko biyar, don wutar nan ba ta sallama in za ta tafi.

A waya, Organic Maps ce ta farko. Ka sauke taswirar Gana sau ɗaya inda akwai wayifai, daga nan ba ta cin data. Ka danna alama a ƙofar masaukinka da masallacin unguwa tun ranar farko, don lungunan Nima sun ɓatar da waɗanda suka fi ka wayo. Amma kan hanyar tirotiro, wato ƙananan motocin haya na bas, ka tambayi yaron mota, shi ya fi taswira sani.

VLC kuwa ba sai an faɗa ba, kowane irin tafsiri ko wa'azi aka turo daga gida za ta buɗe. LocalSend tana tura hotuna daga waya zuwa kwamfuta ta wayifai ɗaya, babu talla.

Inda ba zan ruɗe ka ba shi ne aikin zane. Masu buga fosta da katin biki sun saba da CorelDraw da Photoshop. GIMP da Inkscape, manhajojin zane na kyauta, suna da ƙarfi, amma in a irin wannan shagon ka samu aiki, abin da maigida ke amfani da shi za ka koya. Manhajar banki da ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuma daga Play Store kaɗai za ka ɗauko su, kada ka yarda wani ya tura maka daga wayarsa, ko da ɗan garinku ne.