Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa hoto da yankakkun mujallu

Yawancin hotunan kolaj (wato yankakkun hotuna da ake liƙawa a kan kwali) da nake gani sun lalace a nan Yamai, a hannun ƴan makaranta ko manya, gaggawar liƙewa ce ta ɓata su. Mutum ya yanko hoton raƙumi, bai ma san inda zai zauna ba har ya shafa masa kol. Can ya samo wanda ya fi shi kyau, babu wuri, in ya ɓamɓare na farko takarda ta yage. Maganin wannan shi ne ka jera komai a kan kwali babu kol, ka yi ta matsar da su har idonka ya kwanta, ka ɗauki hoton jerin da waya, sannan ka soma liƙewa daga na ƙasa, manya kafin ƙanana. Ka kashe fanka tukuna.

Sai yawan kol, wanda shi ya fi ba ni takaici, don yakan ɓata aikin da aka riga aka tsara da kyau. Takardar mujalla ba ta da kauri. Da ta sha ruwa sai ta kumbura, in ta bushe ta tattare, fuskar da ka wahala wajen yankowa ta fito duk a yamutse. Kaɗan ake shafawa, a bayan yankakken hoton, daga tsakiya zuwa baki, sannan a danne da tsumma mai tsabta don iska ta fita. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, kol ɗin sanda na bushewa kafin ka ajiye hoton, saboda haka ɗaya bayan ɗaya za ka bi su. In babu kol, ƙaro yana yi sosai: a jiƙa shi ya kwana, a tace, a bar shi da ɗan kauri. Kullun fulawa yana kamawa, amma gara da kyankyaso na binsa. Kol mai ƙarfi na gyaran takalmi tabo yake bari, salatif kuwa ba ya daɗewa yake komawa rawaya.

Wasu kan liƙa a kan fallen littafin rubutu, ya kanannaɗe. A nemi kwali mai ƙwari, ba ya wuyar samu a kasuwar Katako. Idan kwalin fari ne fat, rubutun bayan shafin yakan leƙo ta cikin hoton, musamman na jarida. Kwali mai duhu yana ɓoye shi.

Tun da an zo kan bayan shafi, a riƙa juyawa a duba kafin a sa almakashi. Sau da yawa akan tarar da aya ko sunan Allah a can, irin wannan ba na yankewa ba ne, balle a bar guntunsa a ƙasa.

Wajen yanka, takardar ake juyawa, almakashi na tsaye wuri ɗaya. Reza ba ta yara ba ce.

Akwai kuma masu ganin sai sun cika kwali maƙil, ko'ina hoto, ido ya rasa inda zai sauka. Georges Braque, wani mai zane da ya fara irin wannan aikin a Faransa a 1912, guntayen takardar ado ta bango ƴan kaɗan ya liƙa, ya ƙarasa sauran da zanen gawayi. Ka zaɓi hoto ɗaya babba ya zama uban tafiya, sauran su kewaye shi, ka bar wani wuri fili.

In an gama, kada a shanya a rana. Kwali zai lanƙwashe, launi ya koɗe. A shimfiɗa leda a kai, a ɗora littattafai masu nauyi, a bar shi ya kwana a ɗaki. Lokacin hunturu kuma a rufe shi har ya bushe sarai, don ƙura na manne wa duk inda kol ya leƙo.