Tara awowin tuƙi da ƙaramin jirgin wani: inda samarinmu ke tafka asara

Duk wanda ya karɓi lasisin farko na tuƙin jirgin sama, wanda ake kira PPL, ya san inda gizo ke saƙar. Da awa 40 a sama ana iya samun wannan lasisi, amma na neman abinci, wato CPL, sai da awa 200, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas na makarantar da hukuma ta amince da ita. Ratar da ke tsakani kuɗi ne zalla. Shi ya sa ba a rufa wata biyu sai wani yaro ya tare ni bayan sallar Juma'a, ya rusuna ya ce, "Kyaftin, don Allah ba ka san wani Alhaji mai ƙaramin jirgi da zai riƙa ba ni ina tashi ba? Ni zan zuba mai."

Kuskuren farko yana cikin tambayar. Jiragen masu kuɗi da kake hangowa a filin jirgin Malam Aminu Kano yawancinsu jet ne, matuƙa biyu ke jan su, kuma kowanne sai da horo na musamman a kan irin jirgin. Ba su da alaƙa da buƙatarka. Kai jirgi mai farfela da inji ɗaya kake nema, irin Cessna 172 mai kujera huɗu ko 152 mai kujera biyu, su kuwa ba su da yawa a garin nan, duk da cewa a Kano jiragen sama suka fara sauka a Najeriya tun 1925. Don haka ka faɗaɗa nema. Zariya na nan kusa, inda kwalejin koyon tuƙin jirgi take tun 1964, ga kuma ta Ilori. Kuma injiniyoyin da ke hanga, wato rumfar ajiye jirage da gyaransu, ake tambaya, ba dillalai ba. Injiniya ya san jirgin da ke tashi da wanda tayarsa ta sace shekara biyu, dillali kuwa la'adarsa ya sani.

In an dace an samu jirgin, sai a yi kuskure na biyu, wanda ya fi kowanne tsada: a fara da ciniki kafin a ga takardu. Ka fara duba haruffan da ke jikin jirgin. 5N rajistar Najeriya ce, N ta Amurka, ZS ta Afirka ta Kudu. Ƙa'idar duniya ita ce ƙasar da ta yi wa jirgi rajista ita ke ba da lasisin tuƙa shi, ko ta amince da wanda kake riƙe da shi a rubuce. Lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, shi kaɗai ba ya buɗe maka kowace ƙofa. Sai takardar shaidar lafiyar jirgi, sai littattafan gyaran inji da na gangar jiki, sai inshora. A kan inshorar nan ka natsu ka karanta da kanka, domin sau da yawa an rubuta sunayen matuƙan da ta rufe, ko an gindaya mafi ƙarancin awowin da matuƙi zai kasance da su. Idan ba ka cikin sharaɗin, ranar da taya ta fashe a wajen sauka farfela ta daki ƙasa, kai da mahaifinka za ku san farashin inji.

Akwai kuma batun izini. Mai jirgin kansa a ƙasar nan yana tashi ne da izinin zirga-zirgar da ba ta kasuwanci ba, wanda ake kira PNCF, kuma bai halatta masa haya ba. To kuɗin da za ka ba shi, haya ce ko taimakon mai? Kada ku yanke wannan hukunci ku biyu a falo. A rubuta yarjejeniyar, a tambayi hukuma tukuna. Na san da nauyi yaro ɗan shekara ashirin da biyu ya dubi dattijo ya ce a nuna masa takarda. Hanyar ita ce ka jingina da hukuma: "Ranka ya daɗe, an ce sai na haɗa kwafin takardun jirgi da littafin awowina." Wanda takardunsa suka cika ba ya jin haushin wannan.

Sai farashin awa, inda ni kaina na sha. Ana ba da jirgi ko da mai ko babu mai, kuma na biyun ne ke ruɗin mutane don ya fi araha a baki. Cessna 172 tana shan lita 30 zuwa 35 a awa, kuma ba kananzir ɗin manyan jirage take sha ba, wato Jet A-1 da ake samu a filayen jiragenmu. Nata man afgas ne, shuɗi, wanda ake shigo da shi a duro, wani lokaci a neme shi a rasa. Da na biya kafin alƙalami na awa 30 ga wani mai jirgi, murna nake na yi wayo. Awa 6 na yi, mai ya ƙare. Da duro biyu suka iso bayan mako uku, sai lokacin duba jirgi ya yi, injiniya ya gano wani ƙarfe da sai an yi odarsa daga waje. Wata huɗu ina zuwa hanga ina kallon jirgin a lulluɓe da tamfol, ƙura ta yi masa rawani, kuɗina kuwa an riga an sa su a gyara. Tun daga nan ba na biyan fiye da awa biyar gaba. Idan kuma ka sami jirgi mai injin da ke shan kananzir, irin wasu samfuran Diamond DA40, ko ya ɗan fi tsada ka yi lissafi da kyau kafin ka ƙi shi.

Ka kuma tambayi da wane agogo za a caje ka. Akwai wanda ke ƙirga lokaci daga tada inji zuwa kashe shi, akwai wanda ke bin juyawar inji, yana tafiya a hankali idan kana ƙasa. A fili irin na Kano, inda za a iya tsayar da kai ka jira babban jirgi ya sauka, bambancin ba ƙarami ba ne.

Lokaci ma ana kuskurensa. Mai lasisin farko da ido yake tuƙi, kuma ƙa'ida tana neman ya iya hangen kilomita 5. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe garin har Dutsen Dala ya ɓace wa na kusa da shi, manyan jirage ma a soke tashinsu. Wanda ya ɗauki hutun aiki a Janairu don tara awowi, shayi zai sha a hanga. A watan Afrilu kuma zafi kan kai digiri 40, iska ta yi sako-sako, ƙaramin jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Da sassafe ake tashi, kuma ba a cika kujeru da abokai masu son hoto.

Wani abin takaici shi ne yaron da ya tara awa 200 amma ba irin waɗanda ake nema ba. Zama a kujerar dama kana kallon mai jirgi yana tuƙi ba awa ba ce, yawon buɗe ido ne. Ana son awa 100 da kai ne shugaban jirgi, daga ciki 20 na tafiya daga gari zuwa gari, har da tafiya ɗaya ta aƙalla kilomita 540 da cikakkiyar sauka a filaye biyu daban. Daga Kano zuwa Kaduna, zuwa Katsina, a dawo gida, ya kai kimanin kilomita 600, ya biya wannan buƙata, muddin ka tanadi inda za ka ƙara mai. Kewaya fili ɗaya sau ɗari ba zai ba ka ita ba.

Masu shawarar a yi karo-karo mutum huɗu ko biyar a sayi jirgi ɗaya ba su yi ƙarya ba, ana yi a ƙasashe da dama. Abin da ke watsa su shi ne mantawa da asusun inji. Injin Lycoming da ke kan irin waɗannan jirage ana kwance shi a yi masa gyaran gaba ɗaya bayan kimanin awa 2,000. Duk awar da wani ya tashi, a cire wani abu a ajiye domin wannan rana, a asusu daban da mutum biyu ke sa wa hannu. Kafin ku saya kuma, ku kai injiniyanku, ba na mai sayarwa ba, ya buɗe littafin injin ya faɗa muku awa nawa ta rage.