Yadda za ka gane ko lambar da ke dantsenka tana kare ka har yanzu

Jiya a majalisarmu nan Garwa gardama ta kaure, wani baba ya naɗe hannun riga ya nuna mana tabo, wai shi ƙyandar biri ba ta isa ba don an masa lambar agana tun zamanin shugaba Ahidjo na Kamaru. To ga yadda ake lissafin abin.

Ka fara da shekarar haihuwarka. A 1980 hukumar lafiya ta duniya ta ce agana ta ƙare, aka daina yin lambar, saboda haka in bayan nan aka haife ka wannan tabon na BCG ne, na tarin fuka, ba ruwansa da ƙyandar biri. Na agana faffaɗa ne kuma a lotse kamar an danna da babban yatsa, na BCG ƙarami ne.

In kuwa na aganar ne, to ƙarfinta na gaske shekara 3 zuwa 5 ne, daga nan ta dinga raguwa a hankali amma fa ba ta tafiya duka, jiki na riƙe sauranta shekaru masu yawa, shi ya sa ko cutar ta kama mai tsohuwar lamba ta kan zo masa da sauƙi. Binciken da aka yi a Zayar, wato Kongo Kinshasa ta yanzu, wajajen 1980 ya nuna tana kare mutum daga ƙyandar biri kusan kashi 85 cikin 100, sai dai lokacin lambar mutane ba ta tsufa ba, ta baba kuwa ta haura shekara 40. Na ce masa baba ku yi haƙuri, lema ce da ta sha rana.

Sabuwar allurar, Jynneos, sau biyu ake yi, kwana 28 tsakani, ba ta barin tabo, don haka ka adana karne ɗinka, wato katin allurar, shi ne shaidarka. Sai sati 2 bayan ta biyun take kankama, kuma masu aiki da ƙwayar cutar a ɗakin gwaji duk shekara 2 ake ƙara musu.

In ka taɓa mai ƙurajen ko ka kwanta a shimfiɗarsa, da lamba ko babu ka je asibiti ka faɗa musu. Allurar ta fi amfani cikin kwana 4 na farko, sannan ka sa ido a jikinka kwana 21, zazzaɓi, kaluluwa a wuya ko hammata, ko ƙuraje.