Yadda Mai Rediyon Sha'awa Zai Gano Na'urar da ke Yi Masa Katsalandan

Mai rediyon sha'awa, wato wanda ya karɓi lasisi da lambar kira domin zantawa da takwarorinsa ta iska ba don neman kuɗi ba, ba shi kaɗai ke amfani da wasu zangunan da aka ba shi ba. A yanki na ɗaya na hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wanda ya ƙunshi Afirka da Turai, zangonsa na megahaz 430 zuwa 440 ya haɗa da tsakanin 433.05 da 434.79, inda rimot ɗin mota da na ƙofar gareji da ƙananan na'urorin auna yanayi suke aiki ba tare da lasisi ba, galibinsu a kan 433.92. A gigahaz 2.4 kuwa, yana cuɗanya ne da Wi-Fi da Bluetooth.

Kafin ka zargi kowa, ka ɗauki mako guda kana rubuta lokacin da ƙarar katsalandan ɗin take farawa, da inda take a kan zango, da irin sautinta. Gajeriyar tsuwwa da ke dawowa kusan kowane minti ɗaya alama ce ta na'urar auna yanayi, alhali kuwa ƙugi marar yankewa da ya mamaye zango mai faɗi ya fi kama da na inbata ko cajar waya mai arha ko ƙwan LED. Waɗannan na ƙarshe ba a yi su don watsa komai ba, rashin ingancin ƙira ne ke sa su yoyon sigina.

Daga nan sai ka fara da gidanka, domin sau da yawa ɓarawon yana cikin ɗaka. Ka ɗora rediyon a kan batir, ka kashe babban makunnin wutar gidan tare da inbata da cajar sola, sannan ka saurara. Idan ƙarar ta ɗauke, sai ka riƙa mayar da layukan ɗaya bayan ɗaya har ta dawo. Wanda ke zaune inda ake yawan ɗauke wuta yana da wata dama a nan: idan ƙarar ta kan ƙaru da zarar an ɗauke, to akwai yiwuwar inbatan maƙwabci ne ya kama aiki.

Idan a waje take, ka fita da rediyon hannu da ƙaramar eriyar Yagi, wato eriyar da ta fi jin sigina daga fuskar da aka nuna ta, kana juyawa a hankali har sautin ya fi ƙarfi, sannan ka maimaita daga wani wuri dabam, ka ja layukan biyu a kan taswira ka ga inda suka gamu. Da ka matso kusa, siginar za ta cika rediyon ta kowace fuska, saboda haka ka cire eriyar gaba ɗaya, ka manna rediyon a ƙirjinka, jikinka ya tare masa ɓangare guda yayin da kake juyawa. Na'urar RTL-SDR, wato ƙaramin rediyon da ake jonawa da kwamfuta, da manhajar rtl_433 da ke aiki da ita, su kan nuna ma irin na'urar da ke magana.

A ganina, mafi sauƙin magani a 433 shi ne ka matsa daga tsakiyar cunkoson, tunda zangon yana da fili. A gigahaz 2.4 ma haƙuri ya fi, domin dokokin ITU sun wajabta wa masu sadarwa a wurin jure katsalandan daga na'urorin masana'antu da kimiyya da lafiya. Idan kuwa yoyon caja ko inbata ne, naɗa wayarsa sau da yawa a cikin zoben ferait, wato baƙin zobe mai kama da maganaɗisu da ke tare yoyon sigina, dab da jikin na'urar, ya kan rage shi sosai.

Je wa maƙwabci da sallama da rediyon a hannu, ka bar shi ya kashe na'urar da kansa ya ji bambancin, kada ka buɗe kayansa. Idan ya ƙi, ka kai wa hukumar da ta ba ka lasisi rubutaccen koke, haɗe da jadawalin mako gudan da ka rubuta da sautin da ka naɗa.