Yadda 'Yar Fim Za Ta Zama Manazarciyar Tunani: Hanyar da Janice Rule Ta Bi

An haifi Janice Rule a garin Norwood na jihar Ohio ta Amurka a shekarar 1931, kuma ta yi suna tun da ƙuruciyarta. Ta fara fitowa a fim a 1951, a 1953 ta hau dandamalin Broadway, cibiyar manyan wasannin kwaikwayo ta New York, a wasan Picnic tare da Paul Newman, daga baya kuma ta fito da Marlon Brando a fim ɗin The Chase na 1966. A 1973, bayan ta haura shekara 40, ta shiga karatun saikoanalisis gadan-gadan, wato fannin nan da Sigmund Freud ya assasa a Viyana, na magance damuwar zuciya ta hanyar zance da tono abin da ke ɓoye a tunanin mutum. Sai a 1983 ta karɓi digirin digirgir daga cibiyar koyar da fannin ta Kudancin Kalifoniya da ke Los Angeles. Duk 'yar wasan da ke sha'awar bin sawunta, ta fara da sanin cewa shekara goma hanyar ta ci wa wannan baiwar Allah, kuma sunan da ta yi a fim bai rage mata ko zango ɗaya ba.

Abu na farko, wanda kuma ya fi kowanne nauyi, shi ne ki yarda a fara nazarinki kafin ki nazarci wani. Tun da aka buɗe cibiyar horar da manazarta ta Barlin, a ƙasar Jamus, a 1920 ƙarƙashin jagorancin Max Eitingon, horon ya tsaya a kan ginshiƙai uku: nazarin ita ɗalibar kanta, darussan aji, da duba majinyata ƙarƙashin kulawar wani gogagge. Ginshiƙi na farko yana nufin ki riƙa zuwa wajen ƙwararren manazarci sau uku zuwa biyar a mako, kowane zama minti 45 zuwa 50, tsawon shekaru, kina kishingiɗe a doguwar kujera shi kuma yana zaune ta bayanki inda ba ki ganin fuskarsa, kina faɗin duk abin da ya zo miki a rai ba tare da kin tace ba. Ga 'yar wasa wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce, domin ta saba da rubutaccen labari a hannu, da darakta mai ce mata ta sake, da masu kallo da take karanta fuskokinsu, a nan kuwa duk babu. Hikimar abin ita ce, wanda bai san raunukan zuciyarsa ba zai riƙa ɗora su a kan majinyacinsa ba tare da ya sani ba. Ita Rule ta wannan ƙofa ta shigo: tun cikin shekarun 1960 fannin ya ja hankalinta, kuma a 1973 ta wallafa maƙala a wata mujallar ilimi kan ruɗanin da ɗan wasa ke shiga game da ko shi wane ne, bisa abin da ta gani a kanta bayan an yi mata nazari. Shawarata ita ce ki fara wannan zaman tun kafin ki cike takardar neman gurbi, domin mutane da yawa a nan suke gane ko aikin suke so, ko kuwa waraka suke nema wa kansu. Duka biyun abin mutuntawa ne, amma ba abu ɗaya ba ne.

Daga nan sai batun takardun karatu. Yawancin cibiyoyi a yau suna neman digiri na biyu ko na digirgir kafin su karɓi ɗaliba, galibi a likitanci, ko ilimin halayyar ɗan Adam, ko aikin jin daɗin jama'a. Wadda ta bar makaranta da wuri saboda fim, sai ta koma ta haɗa waɗannan tukuna.

Yana da kyau ki san cewa a da ƙofar ta fi haka ƙunci. Ƙungiyar manazarta ta Amurka, wadda aka kafa a 1911, ta daɗe tana taƙaita cikakken horo ga likitoci, duk da cewa Freud da kansa ya yi rubutu a 1926 yana kare waɗanda ba likitoci ba, a lokacin da aka tuhumi ɗalibinsa Theodor Reik a Viyana da duba majinyata alhali shi ba likita ba ne. Cikin manyan manazartan da ba likitoci ba, 'yar Freud, Anna Freud, malamar makaranta ce, Erik Erikson kuwa mai zane ne da bai taɓa samun digirin jami'a ba amma ya zama farfesa a Harvard. Reik ya kafa tasa ƙungiyar a New York a 1948 domin horar da waɗanda ba likitoci ba, sannan a 1985 wasu masana halayyar ɗan Adam su huɗu suka kai ƙarar ƙungiyar manazarta ta Amurka, aka sasanta a 1988, ƙofar ta buɗe. Kenan Rule ta yi karatunta ne a zamanin da wadda ba likita ba take shan wahala kafin a saurare ta, kuma wannan yana ƙara mata girma a idona.

Wajen zaɓen cibiya, ki duba ko tana ƙarƙashin ƙungiyar manazarta ta duniya da aka kafa a 1910, ko wata hukuma da aka amince da ita, sannan ki tambaya tun da wuri ko takardar da za su ba ki za ta kai ki ga lasisin aiki a wurin da kike son zama, domin doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Amurka ma daga jiha zuwa jiha. Cibiyar da Rule ta yi karatu ta haɗe da wata takwararta da ita ma ke Los Angeles a 2005, don haka ba za ki same ta da tsohon sunanta ba. Darussan aji kan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar, ana karanta Freud da Melanie Klein da Donald Winnicott da waɗanda suka biyo baya, tare da ilimin girman yaro da ire-iren cututtukan ƙwaƙwalwa.

Kada ki yi gaggawar ajiye sana'arki. Horon yana cin kuɗi ta fuska uku, kuɗin makaranta da na manazarcinki da na masu duba aikinki, kuma Rule ba ta daina fim ba a tsakiyar karatunta: ta fito a 3 Women na Robert Altman a 1977 da kuma Missing a 1982. Abin da za ki rage shi ne ayyukan da ke kai ki wani gari na watanni, saboda majinyaciyar da ke zuwa wajenki sau huɗu a mako ba za ta jira ki dawo daga wurin ɗaukar fim ba.

Ginshiƙi na uku shi ne inda gwanintar wasa take taimako kuma take iya cutarwa. Za a ba ki majinyata, yawanci biyu ko uku a tsawon horon, kowanne da gogaggen da za ki riƙa kai wa bayanin zamanku mako-mako. 'Yar wasa ta iya sauraron murya, ta san abin da shiru yake nufi, ta kuma saba shiga zuciyar wani mutum ta ga duniya da idonsa, kuma waɗannan baiwa ce da wasu ɗalibai ke shafe shekaru suna nema. Amma dole ta yaye kanta daga son a kalle ta. A ɗakin nazari majinyaci ne mai magana, kuma sannu a hankali yakan ɗauki soyayya ko fushi ko tsoron da yake yi wa uwarsa ko ubansa ya ɗora wa manazarciya, daga nan ne ake gane tushen damuwarsa. Idan fuskarki sananniya ce, zai shigo da hoton da ya riga ya gina a kanki daga allon talabijin, sai ki koyi karɓar wannan a matsayin abin nazari, ba yabo ba. Rule ta ƙware wajen duba 'yan wasa 'yan uwanta a New York da Los Angeles, har zuwa rasuwarta a 2003. Mai son yin haka ta kiyaye iyaka sosai: ba a duba aboki, ba a duba wanda ake aiki tare a fim ɗaya, kuma abin da aka faɗa a ɗakin amana ne da ba ya fita, balle a masana'antar da kowa ya san kowa.

Wadda ke son haɗa aikin da koyarwa a jami'a kuwa, rubutu ne zai kai ta. Ki zaɓi tambayar da rayuwarki ta ba ki damar amsawa fiye da kowa, kamar abin da ke samun mutum idan ya daɗe yana zama wani a gaban kamara, ki gina kundin digirinki a kanta, ki aika maƙalu ga mujallun da masana ke tantancewa. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 1977 da ta ba malaman jami'a masu digirin digirgir damar samun horo su kuma duba majinyata a wani kaso na lokacinsu, matuƙar koyarwa da bincike ne babban aikinsu.

Tun kafin ki buɗe ofis, ki ƙulla alaƙa da likitan ƙwaƙwalwa da za ki riƙa tura masa mutane. Manazarciyar da ba likita ba ba ta rubuta magani, kuma wanda hankalinsa ya gushe, ko yake jin muryoyin da babu su, ko yake maganar kashe kansa, asibiti yake buƙata a ranar, zance ya biyo baya idan ya samu sauƙi.