Kurakuran da aka fi yi wajen hawan Dutsen Kagoro

Wanda ya tsaya a garin Kagoro, cikin ƙaramar hukumar Kaura a kudancin Kaduna, ya ɗaga kai ya dubi dutsen, zai ɗauka kafin hantsi ya hau ya sauko. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji Hausawa, sai dai a nan ido yana yaudara. Tsayin dutsen ya haura mita 1,200 daga matakin teku, kuma hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Sai ka ratsa kurmi, ka bi doron tudu, kafin ka fito kan falalen dutsen da ake hango ƙasa daga kansa.

Babban kuskure shi ne makara. A taso daga Kafanchan ko Jos, a zauna shan shayi, a jira wane da wane, sai ƙarfe goma sha ɗaya a fara hawa, rana ta take. Ka sa ƙafa a hanya da zarar gari ya waye. Wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da lissafi tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan na ƙaƙƙarfa ne wanda ba ya tsayawa hutu, don haka ka ƙara a kai. Kuma tun a ƙasa ku tsayar da magana: in azahar ta yi ba a kai ba, a juya. Cikin kurmi duhu yana riga magariba sauka.

Lokacin shekara ma ana kuskure shi. Da damina hadari kan haɗo da yamma, kuma babu inda ya fi kan tsiraren dutse hatsari in ana tsawa. Ka ji rugugi, ka sauka, kada ka fake gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai. Jiƙaƙƙen dutse mai gansakuka kuwa santsinsa kamar miyar kuɓewa. Da hunturu hanya ta bushe, amma hazo na iya rufe komai, ka sha wahala ka hau ka tarar da fari fat. A ganina kaka ta fi, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ganye na nan shar, sarari garau.

Wasu kuma su ce ba sa bukatar ɗan jagora tunda ga waya. Hanyoyin manoma da na masu itace sun sarƙe da juna, kuma sabis kan ɗauke a kwazazzabai. Ka nemi ɗan gari, ka biya shi haƙƙinsa da kyau. Shi ya san halin tsaro na wannan makon, shi zai gaya maka inda baƙo ba ya shiga. Dutsen nan gidan kakannin mutanen Kagoro ne, waɗanda ke bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu, kai kuwa baƙo ne.

Silifas ba takalmin dutse ba ne, haka ma sabon kambas da ba a taɓa takawa ba, bororo zai yi maka kafin rabin hanya. Tsohon kambas mai kaushin ƙasa, safa mai kauri, dogon wando saboda ƙaya. Kada ka fesa turare, akwai ƙudan zuma a kogunan dutse. Kada ka zura hannu cikin ramin da ba ka ga cikinsa ba. In maciji ya sari wani, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau. A hana shi yawan motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Ruwa lita biyu zuwa uku ga kowane mutum, ban da na alwala. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun ƙishi bai zo ba. Dabino, gyaɗa da ayaba sun fi kilishi, don kilishi ƙishirwa yake jawowa.

Abin da ya fi damuna shi ne saukowa. Kowa yana tanadin ƙarfinsa don hawa, in an kai sama a yi hotuna, wasu har su matsa bakin gaɓa suna ja da baya don hoto ya yi kyau, alhali iska na kaɗawa. Daga nan sai a ɗauka an gama. Na taɓa saukowa bayan wani matashi da ya riga kowa isa sama. Ruwansa ya ƙare tun can, gwiwoyinsa na rawa kamar mazari, ya taka tsakuwar da ke kan falali, ƙafa ta zame, ya gurɗe. Tafiyar awa ɗaya ta koma uku, mutum biyu na riƙe da shi. Gyaran ba wuya: ka bar kashi ɗaya cikin uku na ruwanka don dawowa, ka ƙara ɗaure igiyar takalmi kafin ka juyo don kada yatsu su riƙa dukan gaba, ka taƙaita taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Inda gangara ta yi tsanani ka bi ta a karkace, ko ka zauna ka sauka da hannu. Sanda tana rage wa gwiwa nauyi sosai. Kada mai sauri ya bar na baya. Mafi rauni a sa shi kusa da jagora.

Ledar ruwa da robar da ka hau da su, ka mayar da su jaka ka sauko da abinka. Ka kuma bar wa wani a gida sunan jagoranku da lokacin da kuke sa ran sauka, ka kira shi da zarar ka taka gari.